Dashbod ɗin Fijon Babanmu da dattijon Farin Gada: aiki akwai, alƙawari babu

Tun ranar da na je ɗaurin aure Bukuru da motar nan mutane ke tare ni da tambaya, har a danja wasu ke sauke gilashi su ce "Malam don Allah ina aka yi maka aikin nan", to na ga gara in zauna in rubuta komai sau ɗaya, mai daɗi da mara daɗi, duk mai niyyar kai tsohuwar motarsa wajen mutumin ya san abin da zai tarar. Ba zan kama sunansa ba don akwai inda zan yabe shi akwai kuma inda zan caccake shi, kuma dattijo ne sa'an babana. Mai fanel bita ne a cikin bakanikan Farin Gada a Jos, kowa Baba yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

Motar Peugeot 504 ce, Fijo dai kamar yadda muka taso muna faɗa, salun, ta 1981, haɗin Kaduna. Yaran yanzu ba su san cewa tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri ba, kuma ita 504 ɗin tun 1968 ta fito a Faransa har ta zama motar shekara a Turai a 1969, shi ya sa idan tsofaffi na zuzuta ta ba son kai ba ne kawai. Babanmu, Allah ya jiƙansa, sabuwa ya saye ta, a cikinta aka kai mu makaranta, a cikinta aka ɗauko amaren gidanmu kusan duka. Da ya rasu aka tura ta ƙarƙashin bishiyar mangwaro a tsakar gida aka lulluɓe da tamfol, wai ana adana ta. Shekara 11 tana nan. Ashe tamfol ɗin nan da mangwaron nan su ne suka cinye ta, amma zan zo nan.

Da na ɗauko gyara, inji bai ba ni wahala ba sam, injin 504 ko jifa ka yi a Jos sai ka samu bakaniken da ya san shi. Dashbod ne ya zame min ƙarfen ƙafa. Ni a tunanina matsalar kawai ledar sama ce da rana ta farfasa, soson ciki ya fito yana marmashewa kamar tsohon biredi. Sai ranar da nake goge ƙura na danna yatsa a kusurwar gilashin gaba ta ɓangaren mai zaman banza, kawai na ji abu ya yi ƙurus, yatsana ya shige. Na leƙa ƙasa da tocilan na ga ja-ja-ja ko'ina, kafet ɗin wajen kuma a jiƙe yana warin ruma.

Kuskuren farko nawa ne, ba na kowa ba. Wani yaro a unguwarmu mai fanel bita ya ce aikin kwana biyu ne, dubu 30, ni kuma na ga banza. Ya kankare sama-sama, ya cusa raga a ramin, ya lafta fila, ƙullin nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ya goge ya fesa baƙin fenti, wallahi ranar sai da na ɗauki hoto don kyau. Damina ɗaya. Kafin watan Agusta ya ƙare fentin ya fara kumbura kamar ƙurajen zafi, fila ta tsage, ruwa na ɗiga kan takalmin matata. Araha dai ba ta ado.

Daga nan na ce to a canza dashbod ɗin gaba ɗaya mana a huta. Na zagaye Dilimi shago-shago, na shiga wajen 'yan gwangwan a Katako, na sa ƙanina ya duba min Panteka a Kaduna, wani aboki ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, har Ladipo na yi waya Legas. Abin da na gano shi ne duk dashbod ɗin 504 da za ka samu yanzu ya sha ranar da naka ya sha, wani ma ya fi naka fashewa, kuma ba duka ne iri ɗaya ba, na farko-farko daban na baya daban, wajen mita ma ba ya zama ɗaya. Wani ya turo min hoton guda mai kyau sosai har na fara murna, da na ƙura ido sai na ga ramin sitiyari a dama yake, na motar ƙasashen da ke tuƙi a hannun hagu ne irin su Kenya da Ingila, mu kuwa tun 1972 muka koma hannun dama, sitiyarinmu a hagu. Saura kaɗan in tura kuɗi. To ko da ma na samu mai kyau ɗin, abin da ban gane ba a lokacin shi ne dashbod ɗaure shi ake yi da noti a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin gilashi, shi kuma wannan ƙarfen jikin mota ne, ba a kwance shi. Shi ne ya ruɓe. Ka sayo sabon hula ka ɗora wa kan da ke ciwo kenan.

Wani tsohon direban tasha da ya yi shekaru yana jan Fijo wagon Jos zuwa Bauchi shi ya ce min in je Farin Gada in nemi Baba. Ya ce "amma fa ka tafi da haƙurinka a aljihu". Ban gane ba sai daga baya.

Ranar farko da na je, abin da ya fara burge ni, mutumin nan bai yi maganar kuɗi ba sai da ya shafe kusan minti 40 yana duba motar. Ya ɗauko mayen ƙarfe na tsohuwar sifika yana bin gefen gilashi da shi, inda ƙarfe ne ya kama, inda fila ce ya faɗo, ya dube ni ya ce "Yaro wa ya yi maka wannan ginin ƙasar?" Sai ya sa sukundireba yana caka, duk inda ya shige ya zagaye da alli. Wajen da ni nake gani kamar tafin hannu, da ya gama zane ya kai tsawon kamu biyu, har ya zagayo ɗaya kusurwar ta ɓangaren direba da ban ma san ta taɓu ba.

Sannan ya ce a kawo buta. Ya tsiyaya ruwa a ragar nan da ke tsakanin bonet da gilashi, inda iska ke shiga, ya ce in durƙusa in duba ƙasan mota ko ruwa na fita. Ko ɗigo. Ya ce to leƙa ciki. Ga shi nan yana bin bayan dashbod yana sauka kan kafet. Ya ce wajen nan akwai kafar da aka yi don ruwa ya fice ƙasa, ganyen mangwaro da ƙura sun toshe ta sun zama taɓo, ruwa ya samu wajen kwana, ga robar gilashi ta bushe ta tsattsage tana tsotsar ruwa tana ajiyewa a kusurwa, ga tamfol ya hana wajen shan iska ya bushe. Kuma kun san daminar Jos, daga Afrilu har Oktoba, Yuli da Agusta kuwa sai a kwana a wuni ana yi, ga raɓa ga sanyi. Ya ce "tsatsa ba daga sama take farawa ba, daga ciki take cin ƙarfe ta fito, lokacin da ka gan ta ta riga ta ƙoshi." Ya ce in dai fila nake so in koma inda na fito, shi yankewa zai yi. A nan na san na zo wajen da ya dace.

Muka yi ciniki dubu 120 kuɗin hannu, kayan aiki nawa. Ya ce sati biyu.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai kafin in manta da zafinsa. Wajen kwance dashbod, shi Baba ya cire kan batir da kansa, ya cire gilashin gaba da kansa, ya ma yanka tsohuwar robar da wuƙa ne maimakon ya banƙare, ya ce gara a yi asarar roba da a yi asarar gilashi, wannan daidai ne. Amma sauran kwance-kwancen sai ya bar wa yaransa, ni kuma na tafi wajen aiki. Da na dawo da yamma na tarar da wayoyin bayan mita a zube kamar taliya, ba wanda aka yi wa alama, an fizge wasu daga soket, wayar sipidomita an lanƙwasa ta, sukurori an zuba su a gwangwanin madara ɗaya gaba ɗaya. Na yi magana yaron ya ce "Oga ai mun san wajensu". Ba su sani ba. Ranar da aka mayar, ka kunna waifa fitilar mita ta ɗauke, ka danna hon fiyus ya ƙone, sai da na kira mai rewaya ya kwana biyu yana bin waya ɗaya-ɗaya, dubu 25 da ba ta cikin lissafina. Kuma wajen tokar sigari na dashbod ɗin, wanda Babanmu ke ajiye canji a ciki, ya ɓace har yau, kowa ya ce bai gani ba. Don haka duk wanda zai je, ka zo da mai rewayarka tun ranar farko shi ya kwance wayoyi, ka sayi selotef na takarda ka rubuta wa kowace waya suna, ka ɗauki hoto kafin a taɓa komai, ƙananan kaya kuma ka kwashe su a leda ka tafi da su gida. Kar ka ji kunya.

Amma aikin ƙarfen kansa, kai jama'a. Na ɗauki hutun kwana uku musamman don in zauna in kalla kuma ban yi nadama ba. Ya yanke duk inda ya zana da alli har ya ƙara kamar faɗin yatsa, sai da bakin yankan ya fito fari tas yana ƙyalli, ya ce in ka yi walda a kan ƙarfe mai tsatsa hudawa kawai wuta za ta yi. Da ya buɗe sai ga wani ruɓin a ƙasa a falle na biyu, ya kira ni ya nuna min kafin ya taɓa, bai rufe ya yi shiru ba. Sai ya ɗauko kwalin indomi ya manna a ramin ya bi da yatsa mai baƙin mai har siffar ta fito, ya yanka da almakashi, ya ɗora a kan ƙarfe. Ƙarfen ma ba kowane ya yarda da shi ba, na kawo masa sabon falle daga kasuwa ya murza shi a hannu ya ce ya yi kauri, ya tura yaro ya yanko daga tsohon bonet na wata 504 da ta mutu a bayan garejin, wai kaurinsu ɗaya kuma tare za su ɗauki zafi. Kwanon rufi kuwa ya ce ko kyauta kar in yarda a sa min, waldarsa ba ta kamawa da kyau kuma hayaƙinsa na sa ciwon kai da zazzaɓi.

Wajen da ya fi wuya shi ne leɓen da robar gilashi ke zama a kai, don lanƙwasa biyu gare shi, ya bi zagayen gilashi kuma ya karye ciki. Mutumin nan da guduma ƙarama da wani guntun ƙarfen reluwe ya dinga bugawa yana gwadawa, ya buga ya gwada, na ƙirga sau 14 a kan ƙyalle ɗaya na ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Waldar gas yake yi, irin ta kabayid, ba shi da injin nan na waya da ake ce wa CO2, kuma gaskiya wancan ya fi dacewa da siririn ƙarfe don zafinsa bai bazuwa sosai, shi ma da na faɗa bai musa ba, ya ce "na sani, amma ina wutar da zan kunna shi?" Abin da yake yi maimakon haka, ba ya jan walda a miƙe, ɗigo yake yi nan, ya tsallaka can ya ɗiga, ya sa jiƙaƙƙen tsumma a gefe, ya bubbuga tun da zafi, ya bari ya huce sannan ya dawo ya cike tsakani. Ya ce in ka ja wuta a miƙe ƙarfen zai murɗe, in ya murɗe gilashi ba zai zauna ba, in ka matsa masa ya zauna dole wata rana a kan hanya zai tsage da kansa. Kafin ya gama cikewa sai da ya sa aka ɗago gilashin aka gwada a ramin har sau biyu.

Ya buɗe kafar ruwan nan da ta toshe, abin da ya fito daga ciki ya cika rabin bokiti ƙarami, har da ƙwallon mangwaro da ɓera ya shigar. Bayan walda ya goge, ya shafa ruwan asid na kashe tsatsa a sauran wajen da bai huje ba, ya bari ya yi baƙi ya bushe. A nan muka ɗan yi sa-in-sa, shi jan fenti ya saba sawa a ƙasa, ni kuma na riga na sayo faramar ifokzi mai haɗi biyu, ya ce tsada ce kawai, na ce Baba a yi haƙuri a sa, ya sa yana gunaguni. Abin da ya ƙara masa daraja a idona, bayan waldar ta ciki inda ba mai gani, ya ɗaura buroshi a jikin waya ya zura ya shafe shi, ya bi duk haɗin da sila mai hana ruwa shiga. Fila ya sa, ba zan ce bai sa ba, amma shafe ne kamar man shanu a biredi don ya rufe tabon guduma, mayen ƙarfe na kamawa ta kansa. Na gwada da kaina da ya juya baya.

To sai maganar lokaci. Sati biyun nan sati tara ya zama. Ainihin aikin in ka tattara shi bai fi kwana shida ba, sauran duk "gobe in Allah ya yarda" ne. Yau gas ya ƙare, gobe ruwa ya hana, jibi an yi rasuwa a garinsu, wannan kam ba a cewa komai, amma babban dalilin da na gani da idona shi ne duk motar haya da aka kawo da gaggawa sai a ture tawa gefe, don mai bas zai biya yau ya fita yau, ni kuwa na riga na ba da rabin kuɗi kuma motata ba ta neman abinci. Na yi kuskuren cewa "ba sauri nake ba Baba, a yi a hankali". Kar ka kuskura ka faɗi wannan kalmar a Farin Gada. Kuma motar ta yi sati uku babu gilashi a fili cikin damina da leda kawai a rufe, sai da na sayo sabon tamfol na ɗaura da kaina, abin haushi, motar da aka kawo don ruwa ya ɓata ta. Waya kuma ba ya ɗauka, in ya ɗauka ya ce "Alhaji ai muna kai", alhali kana jin ƙarar kasuwa a bayansa. Ranar da aiki ya yi kyau ni yaro ne, ranar da ya saɓa alƙawari na zama Alhaji.

Kuɗi bai yi min wasa da su sosai ba. Ya nemi ƙarin dubu 20 saboda falle na biyun nan da ya ruɓe, kuma tunda na gani da idona ban yi gardama ba. Sabuwar robar gilashi dubu 28 na saya a Dilimi, ita ma sai a ta biyu aka dace, ta farko ta yi tauri kamar tayar keke Baba ya ce in mayar. Farama da sila da asid da samfefa sun ci wajen dubu 35.

Saman dashbod ɗin, wato ledar da soson, ba aikinsa ba ne, wani mai kushin ya tura ni wajensa a nan kusa. Wannan ya kankare mataccen soson, ya cike tsagun, ya sa sabon soso siriri ya ja baƙar leda a kai da gam, dubu 40. Daga nesa lafiya lau. Daga kusa za ka ga ƙwayar ledar ba irin ta asali ba ce kuma a kusurwar wajen iska ta ɗan tattare, shida cikin goma zan ba shi. In rana ta buɗe sosai har yanzu warin gam na tashi, shi ya sa nake shimfiɗa tawul a kai in na faka.

Gwajin gaskiya shi ne ruwa. Da na karɓo ta na shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙarƙashin dashbod dama da hagu na bar ta a waje da gangan, aka yi ruwan nan na kwana biyu a jere da har kogin Dilimi ya cika, da safe na fito gabana na faɗuwa na taɓa jarida, a bushe ƙayau. Na zuba buta a raga kamar yadda ya yi, ruwa ya zubo ƙasa ta bayan taya shar. Na kuma bi da ita hanyar Vom inda ba kwalta mai kyau don in ji ko wani abu zai yi ƙara, shiru, sai murfin ɗan akwatin takardu da ke kaɗawa, shi ma na sa masa guntun roba ya yi shiru. Yanzu damina ta biyu kenan ba kumburi ba ɗigo.

In za a ce in ba da maki, hannunsa tara cikin goma, ɗayan na cire ne don rashin injin walda na zamani. Gaskiyarsa a kan abin da ya gani a jikin mota, goma. Yaransa huɗu. Cika alƙawari biyu, shi ma don ya gama ne a ƙarshe. In motar da kake fita nema da ita ce kullum, ko kana da ranar biki da kake so ka fito da ita, kar ka kai masa, za ku ɓata. In kuwa tsohuwa ce irin tawa da kake so 'ya'yanka su gada, kai masa, amma ka kai da rani, kar ka ba da fiye da kashi ɗaya cikin uku a farko, kuma ka riƙa zuwa kana zama a kan benci yana ganinka, don na lura idon mai mota ne ke sa gas ɗinsa ya daina ƙarewa.

Har yanzu ina neman wajen tokar sigarin nan da agogon mita na 504 mai aiki, wanda ke da su a ajiye ko ya san inda wata ta mutu a bayan gida, ina so. Kuma ƙasan but ma ya fara hujewa wajen safaya taya, na kai wa Baba ya duba shekaranjiya, ya caka sukundireba ya zana allinsa ya ce sati biyu. Da na dawo na faɗa wa Hajiya, ta ce to Allah ya kai mu babbar sallah.